Saƙon Malam ga Likitan Ido

Ranar da aka rushe zauren gidanmu na Unguwar Kanawa ina wurin. Ban so zuwa ba, ɗana ne ya matsa, ya ce gara a yi a gabana kada daga baya in ce ba a gaya mini ba. Na zauna a cikin mota na sauke gilashi. Maginin da aka ba aikin, wani saurayi mai waya biyu a hannu, yana ta yi wa ɗana bayanin shagunan da zai fitar a wurin, kuma duk maganar da ya yi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, trust me." Ya faɗe ta a kan siminti, ya faɗe ta a kan kwanon rufi, ya faɗe ta a kan ranar gamawa, yana faɗa yana duba waya. Ban ce yaron maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Arhar da kalmar ta yi ce ta tsaya mini a rai. Jikokina ma haka suke watsa ta a tsakar gida, a kan gishirin miya, a kan wanda ya ɗauki cajar wani. Ni kuwa, a daidai inda maginin nan yake tsaye, a kan tarin jar ƙasar da dā ita ce bangon gabas, na taɓa ganin kalmar nan ta fi ƙarfin mutum uku, kuma ni ce ta ukun.

A lokacin unguwar ba ta cika haka ba. Idan ka bi bayan gidanmu ka miƙe gabas, gonaki ne da ciyawa mai tsawon mutum har Malali, wadda 'yan gidaje ne kawai a cikin itatuwa, can muke zuwa ƙiraren girki. Ba mu da agogo, kuma ba mu taɓa rasa sanin lokaci ba. Bayan kiran salla sai bigilar soja ta taso daga bariki, siririya, kamar ana jan zare. Bayanta sai tsintsiya a kowane gida, sai ƙarar guga tana bugun bakin rijiya. Da hantsi ya ɗaga sai turame su ɗauka, wannan gida ya amsa wa wancan, har kana iya gane matar da ke daka daga yadda take sauke taɓarya. Idan iska ta juyo daga kudu, musamman da damina, sai ka jiyo kukan jirgin ƙasa daga hayin kogi, kamar daga wata duniya. Innarmu takan ce idan jirgi ya yi kuka a kusa, a kwashe shanya, ruwa na tafe, kuma ban tuna ranar da ta yi kuskure ba. Yanzu idan na kwana a unguwar ba na jin komai sai janareto da hon ɗin Keke. Ba wai sautin ya yi yawa ba ne kawai, a'a, ba ya gaya maka komai. A dā duk abin da kunne ya ji, akwai aikin da yake kiran ka gare shi.

Mahaifina malami ne, kuma Malam muke ce masa har mu 'ya'yansa. Daga Kano iyayensa suka zo. Da safe manyan ɗalibai, masu gemu, 'yan kasuwa da maɗinka da maƙera, sukan zauna a zauren nan kowa da littafinsa, ya biya musu ɗaya bayan ɗaya kafin su wuce wurin sana'a. Idan sun watse sai ya jawo buzunsa bakin ƙofa inda haske ya fi, ya kama aikin da ya fi so, wato rubuta Alƙur'ani da hannu. Baƙar tawada ta haruffa, ja ta wasulla, rawaya ta wasu alamomi. Ni ke dafa masa tawadar da ƙaro, ni ke tace ta da ƙyalle, har yau idan na ji ƙamshin ƙaro a wuta sai in waiga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Na yi aure, mijina fataucin goro yake yi, zazzaɓi ya kama shi a hanyar kudu bai dawo ba. Na dawo gida na yi takaba, na gama, na zauna, ban fi shekara ashirin ba, ba ɗa, ba sana'a, sai kallon bango.

Malam ne da kansa ya ce in je in koyi ɗinki wurin maƙwabciyarmu. Maman Joji muke ce mata, mutuniyar Saliyo ce, mijinta kafinta ne a wurin gine-ginen gwamnati. Kirista ce, kuma wasu sun yi gunaguni, amma Malam ya ce ya shekara yana jin muryarta ta katanga bai taɓa jin ta zagi ɗanta ba, wannan ya ishe shi shaida. A ƙasarsu ta taɓa koyarwa a makaranta, kuma halin bai sake ta ba. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" ne a wurinta, to sai ta riƙa cike giɓin da Turanci, ni kuma ina tsinta. Na fara da sunan zare da allura, na koma gaisuwa, na koma 'yan jimloli. Idan na faɗi abu daidai sai ta buga ƙafa a kan fedar keken ɗinki ta yi guɗa irin tasu.

Wata rana aka kawo mata yadi mai tsada na lefen 'yar wani attajiri, irin wanda ko taɓa shi sai ka goge hannu. Ta shimfiɗa, ta auna, ta zana da alli. Sai ta miƙo mini almakashi. Na ce, "Mama, ni? Idan na ɓata fa?" Ta ce, "I trust you." Ta ɗauki kwandonta ta yi hanyar ƙofa, wai za ta sayo kifi. Na ce ta tsaya ta gaya mini abin da ta ce. Ta yi tunani, ta ce, "Na yarda da kai. A'a, ya fi yarda. Na ba ka almakashi, na juya baya. Shi ke nan." Ta fita. Na yanka yadin nan, gumi yana ɗiga daga haɓata. Da ta dawo ba ta ko ɗaga shi ta duba ba, ta ninke ta sa a keke.

Kalmar kuwa ta ba ni wuya fiye da yadin. Harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani, sai ya tura musu ɗaya. Na ce "turasti", ta ce a'a. Na ce "tarasta", ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce gaɓa ɗaya ce tak. Farkonta baƙi biyu ne manne da juna, ba a shan iska a tsakaninsu, ƙarshenta ma baƙi biyu ne, kuma a nan ake tsayawa cak, kamar an tsinke zare da haƙori. Na yi ta gwadawa a hanyar rijiya, a bakin murhu, har Inna ta ce ko aljanu ne suka shafe ni. Ta kuma nuna mini cewa ba a sa mata komai tsakaninta da mutum. Mu mukan ce mun amince da wane, sai an sa "da". Su kuwa kalmar ce, sai mutumin, kai tsaye. Daga baya ta koya mini cewa idan abu ya riga ya wuce, sai su liƙa wa kalma wata 'yar wutsiya a ƙarshe. Na riƙe wannan ma, ban san ranar da zai yi mini amfani ba.

A cikin waɗannan shekaru ne idon Malam ya soma yin yana. Ni na fara lura, domin na ga jan wasali yana sauka a gefen harafi maimakon a kansa. Ban yi magana ba. Shi ma bai yi ba, sai dai kullum yana ƙara jan buzu waje, daga bakin ƙofa zuwa dakali, daga dakali zuwa tsakiyar rana. Wata safiya ya ɗaga takarda har tana taɓa hancinsa, ya daɗe, sannan ya ajiye alƙalami ya ce, "Uwata, ɗauke tawadar nan, kada in yi wa littafin Allah ƙarya." Yana cikin rubuta wani kwafi ne, ya wuce rabi. Har lokacin yana ganin haske da duhu, yana gane mutum idan ya tsaya a ƙofa, yana kai kansa masallaci da sanda. Ƙaninsa, Baffanmu, mai sayar da fata a kasuwa, ya ce a jira masu sokar yana da allura, waɗanda sukan zo yawo bayan kaka. Wani ɗalibin Malam da ke aikin masinja ya ce a babban asibiti an kawo sabon likita Bature mai cire yana da wuƙa, ya ga wanda aka yi wa yana karanta jarida. Baffa ya ce ba za a kai idon yayansa gaban wanda ba ya salla ba. Malam ya saurare su duka, ya ce zai je ya ji da kunnensa tukuna, jin magana ba ya makantar da mutum.

Ni na riƙe masa sanda muka je. Likitan bai manyanta ba, siriri ne, mai jan gashi, wuyansa duk ya ƙone da rana. Bai daɗe a ƙasar ba, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Ma'aikacin da ke yi masa tafinta ya fara mana bayani, sai aka kira shi da gaggawa wani ɗaki, aka bar mu mu uku. Likita ya haska idon Malam da 'yar fitila, ya yi magana a hankali da ya ga ina ganewa. Abin da na tsinta shi ne, za a fara da idon dama, za a yanka a cire yanar, zai kwanta kwanaki ba motsi, yawanci ana dacewa, wani lokaci ba a dacewa. Na mayar wa Malam. Malam yana ta jan carbinsa. Sai likita ya durƙusa a gabansa, ya dafa bayan hannunsa, ya ce, "Trust me."

Malam ya ce, "Me ya ce, Uwata?"

Na ce, "Wai ka yarda da shi."

Ya ce, "Yarda ai da magana ake yi. Mutum ya ce ya ga wata, ka yarda. Na yarda da abin da ya faɗa tun ɗazu. Wannan wata aba ce daban, na ji muryarsa ta sauka. Ko cewa ya yi in dogara gare shi? Idan dogaro yake nema, miƙo mini sandata mu tafi, wannan ba na ɗan Adam ba ne."

Na ce, "Ba dogaro ba ne, Malam." Na rasa yadda zan yi, sai na ba shi labarin yadin lefe da almakashi da kwandon kifi, likita yana durƙushe yana kallon bakinmu.

Malam ya ce, "Ta tafi ba ta waiwayo ba?"

Na ce, "Ba ta waiwayo ba."

Ya ce, "To, ai amincewa ke nan. Aminci da amana gida ɗaya suka fito. Sake faɗa mini ita da harshensu." Na faɗa. Ya gwada, ta fito masa "turasta", ya yi murmushi ya ce wannan kalma ba ta da ƙofar shiga. Sannan ya gyara zama ya ce, "Ki ce masa na ba shi amanar idona. Dogarona kuma yana wurin Allah. Ki faɗa masa duka biyun."

Na biyun ya fi ƙarfin Turancina, sai na nuna sama da yatsa, likita ya gyaɗa kai. Na farkon kuma na ce, "He trust you." Likita ya maimaita a hankali kamar mai auna nauyin abu, "He trusts me." Malam ya ɗaga kai ya ce, "Tsaki ya yi mini?" Na ce a'a, haka suke ƙara mata ɗan sauti idan ana maganar wani mutum guda wanda ba ni ba, ba kai ba. Malam ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa, likita ma ya kama dariya bai san dalili ba. Ita ce dariyar ƙarshe da na ga Malam ya yi yana kallon fuskar wanda yake dariya da shi.

Aka yi aikin a farkon damina. Suka kwantar da shi rigingine, suka tallafe kansa da jakunkunan yashi dama da hagu don kada ya motsa, da ido yake salla a ƙarƙashin bandeji, ni ke ba shi koko da cokali. Da aka fara buɗewa ya ce yana ganin farin rigar likita, har da maɓallanta. Na fita baranda na yi kuka don murna. Kwana kaɗan bayan haka idon ya soma zafi, ya kumbura, ya kama ruwa. Likitan nan yana zuwa safe da yamma, har ranar da ba ta aikinsa ba, yana wankewa, yana ɗiga magani, yana yi masa allura. Idon ya tafi. Muka dawo gida da na hagu, muna cewa Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kafin a yi girbi shi ma na hagun ya kama ja da hawaye, muka koma, likita ya duba ya daɗe bai ɗago ba. Wai wani lokaci idan ɗaya ya lalace yakan ja ɗan'uwansa. Mutumin da ya shiga asibiti yana gane wanda ya tsaya a ƙofa ya koma ba ya bambanta rana da dare. Baffa ya daina yi mini magana. A gabana yake cewa Turancin da aka bar ni na koya ne ya cinye idon yayansa.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar, an ɗauke ruwa ke nan, yara suka shigo da gudu wai ga Bature. Ya bar motarsa a bakin titi saboda taɓo, ya tako da ƙafa yana tambaya da hannu har aka nuna masa gidan. Shi kaɗai ya zo. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya dubi takalman ɗalibai a jere, ya sunkuya ya kwance nasa, ya shigo da safa jiƙe. Malam ya sallami ɗaliban, ya sa aka kira ni. Maman Joji ba ta gari, ta tafi ƙasarsu jinyar mahaifiyarta. Likita ya ƙi kujerar da aka kawo, ya zauna a tabarma, dogayen ƙafafunsa sun rasa inda za su shiga. Ya yi magana mai tsawo, da sauri, muryarsa tana karyewa, ban kama ko rabi ba. Na ji ban haƙuri a ciki. A ƙarshe ya dubi Malam ya ce, "You trusted me." 

Malam ya ce, "Kalmar nan ce ta rannan. Amma na ji ya ƙara mata wani abu a baya."

Na ce, "Wutsiya ce, Malam. Idan sun sa ta, to abin ya wuce ke nan. Wai ka amince da shi a dā."

Malam ya girgiza kai. Ya ce, "Ki ce masa ya cire wutsiyar. Ni ban ba shi amanar ya mayar mini da gani ba, wannan ba a hannunsa yake ba, kuma ya gaya mini tun farko ba kullum ake dacewa ba. Amanar ƙoƙari na ba shi, ya kuwa riƙe. Ina jin takunsa da sassafe kafin kowa ya zo. Wanda ya ci amana ba ya tako taɓo ya zo ya cire takalmi a ƙofar wanda ya cuta. Da ina da ido na uku, shi zan kai wa. Ki gaya masa kada ya bar wannan ya sa hannunsa rawa a kan idon wani. Faɗa masa duka, Uwata, kada ki rage."

Na buɗe baki, na tarar ba ni da ko ɗaya daga cikin kalmomin nan. Turancina na zare ne da allura da gaisuwa. Ban san yadda ake cewa wutsiya ba, ban san ƙoƙari ba, ban san "har yanzu" ba. Abin da na yi niyya shi ne in ce masa ba mai wutsiyar ba, maras wutsiyar. Sai na ce, "He say, no trusted." Na ja numfashi in kawo ɗayar, harshena ya sarƙe a kan baƙaƙen farko kamar ban taɓa koyonta ba. A daidai nan Baffa ya faɗo zauren, an je an gaya masa a kasuwa. Yana huci yana nuna ƙofa, yana cewa wane ido kuma ya rage da aka zo ɗauka. Malam ya daka masa tsawa, abin da ban taɓa ji ba. Amma likita ya riga ya ji abin da ya ji: tsoho ya yi doguwar magana, 'yarsa ta taƙaita ta da cewa babu aminci, ga kuma ɗan'uwa yana nuna masa hanya. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka yanke wa hukuncin da ya san ya cancanta. Ya miƙe, ya ɗan rusuna wa mutumin da ba ya ganinsa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita. Na bi shi har dakali ina cewa "no, no", wanda bai ƙara komai ba sai muni. Ina kallo ya bi ta cikin taɓo da safa, bai tsaya ya sa takalmin ba.

Da na dawo Malam ya ce, "Ya fahimta?" Na durƙusa na gaya masa yadda aka yi, ban ɓoye komai ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ba laifinki ba ne, na ɗora miki kayan da ya fi wuyanki. Amma yaron nan ya tafi da dutse a ƙirji, kuma daga gidana ya ɗauka. Sai an je an sauke masa."

Na je asibiti a wannan makon in nemi tafinta ya taimake ni, aka ce likita ya fita rangadin ƙauyuka. Na koma, aka ce bai dawo ba. Sai Inna ta kwanta ciwo, gida ya koma kaina. Da Maman Joji ta dawo na zayyana mata komai, ta riƙe baki, ta zaunar da ni ta juya mini saƙon Malam zuwa Turanci jimla jimla, na haddace. Farkonsa shi ne, "He trusts you still," wato har yanzu yana amince da kai. Ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci ta raka ni asibitin. Muka tarar da wani likita a kujerarsa. Wai wancan ya nemi a sauya masa wurin aiki, daga can kuma ya wuce ƙasarsu. Mijin Maman Joji ya rubuta takarda aka bai wa wani akawu ya aika, ba mu taɓa jin amsa ba, ban kuma sani ba ko ta isa.

Malam ya rayu shekaru bayan haka, yana biya wa ɗalibai da ka, ba abin da ya ragu a karatunsa. Kwafin da bai gama ba wani ɗalibinsa ya ƙarasa, idan ka buɗe za ka ga inda hannu ya sauya. Bai taɓa yin ƙorafin idonsa ba, ko sau ɗaya. Amma lokaci lokaci, idan zaure ya watse, sai ya ce, "Uwata, kawo haddarki." In tsaya in karanto masa saƙon nan da Turanci daga farko har ƙarshe, shi da bai san Turanci ba, yana gyaɗa kai, idan na yi gaggawa ya ce in koma. Idan mota ta tsaya a bakin titi sai ya katse abin da yake yi ya karkata kunne. Baffa ya sauko daga baya, har shi ya riƙa tambayar masu aiki a gidajen Turawa na Unguwar Rimi ko sun san inda mai jan gashin nan yake. A ciwonsa na ƙarshe Malam ya ce mini, "Saƙon nan, idan ba ki same shi ba, na sauke miki." Na ce to. Na sake aure, na haifi 'ya'ya, na yi ɗinki har bayana ya ƙi, Maman Joji ta koma ƙasarsu, duk waɗanda suka san maganar suka ƙare.

Bara ni ma yanar ta rufe mini ido. Aka kai ni asibiti da safe, kafin azahar ina gida ina shan kunu, ba jakar yashi, ba kwanciya. Likitar yarinya ce Bahaushiya, sa'ar jikata, da Hausa ta yi mini bayani, ba mu bukaci kowa a tsakani ba. Washegari ta cire mini bandeji, na ga fuskarta tas, har da ɗan tabon da ke gefen hancinta. Sai hawaye suka zubo mini. Ta ce, "Hajiya, zafi yake yi?" Na ce a'a. Na ji saƙon nan ya taso mini tun daga ciki, jimla ta farko ta zo har bakina, na ce ko ita ce zan ba, tunda aikinsu ɗaya. Na kama hannunta. Ta yi murmushi, ta ɗan matsa nawa, ta ce in riƙa ɗiga magani a kan lokaci, ta juya ta kira mai bi mini, domin layin har waje yake. Jikata ta miƙo mini mayafina. Na riƙe abina na dawo da shi gida.